Fashin Baƙi: Me Ya Haɗa Masu Kutse da Gona, Kuma Ina Gwamnatin Amurka Ta Kwana?

Me ya haɗa ɗan kutse da gona? Tambayar da ke fara zuwa bakin mutum ke nan idan ya ji cewa 'yan majalisar dokokin Amurka sun gabatar da ƙudurin dokar kare noma da abinci daga harin intanet a Janairun 2024, wa'adin majalisar ya ƙare ba a zartar ba, suka sake dawo da shi a Fabrairun 2025. In banki aka kutsa, an san kuɗi ake nema. In ma'aikatar tsaro ce, sirri ake nema. To masara fa? Saniya fa? Wanda ya saba ganin noma da garma da fartanya, ya kai hatsinsa kasuwa a auna da tiya a ƙirga masa kuɗinsa a hannu, yana da hujja in ya ɗauki zancen tsoron banza.

Sai dai zancen yana da tushe, kuma yawancin haɗarin yana kan hanyar da abinci ke bi bayan ya bar gona kafin ya kai tukunya. Wanda ya gane wannan zai gane abin da ya tayar wa gwamnati hankali, zai kuma ga inda ƙoƙarin nata ya tsaya.

Wane irin hari ake nufi?

Mafi yawan abin da ya faru kawo yanzu garkuwa ce da bayanai domin karɓar kuɗin fansa. Masu kutsen, waɗanda wasu ke kira 'yan dandatsa, sukan shiga kwamfutocin kamfani ta saƙon imel na yaudara da wani ma'aikaci ya latsa, ko ta kalmar sirri da aka sace, ko ta tsohuwar manhaja da aka yi sakacin sabuntawa. Sukan yi kwanaki a ciki shiru, suna lalube, suna kwafe takardu. Ranar da suka shirya, galibi cikin hutun ƙarshen mako lokacin da ƙafa ta ɗauke, sai su saki manhajar da za ta kulle komai. Kwamfuta na nan lafiyarta ƙalau, amma abin da ke cikinta ya koma rubutun da ba mai iya karantawa sai wanda ke riƙe da mabuɗi. Sai saƙo ya fito: a biya kaza da kuɗin intanet, in ba haka ba babu mabuɗi, kuma takardun da aka kwafe za a watsa su duniya ta gani.

Sana'a ce mai tsari. Masu ƙera manhajar daban, masu shiga da ita daban, ana raba ganima bisa kaso. Shi ya sa rufe gungu ɗaya bai cika kashe wutar ba, don sauran sukan sauya suna su dawo.

Akwai kuma damfara zalla. A Disambar 2022 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, da hukumar abinci da magunguna ta FDA da ma'aikatar noma sun yi gargaɗi kan masu kwaikwayon adireshin imel na sanannun kamfanoni, su yi odar madarar gari da makamantanta cike da motoci a kan bashi, a loda musu, su ɓace. Nau'i na uku shi ya fi damun jami'an tsaro, wato a kutsa na'urar da ke sarrafa wani abu na zahiri. A Afrilun 2023 an kutsa na'urorin ban-ruwa na wasu gonaki a arewacin Isra'ila, suka daina aiki, manoma suka koma buɗe ruwa da hannu. Mai irin wannan aika-aika ɓarna ce a gabansa, ko isar da saƙon siyasa.

Gonaki kusan miliyan biyu, mayanka 'yan ƙalilan

Ƙidayar noma ta 2022 ta nuna Amurka na da gonaki kimanin miliyan 1.9. Ba mahaluƙin da zai iya kutsa su gaba ɗaya. Amma shanun da ake kiwatawa a can kusan duk ta ƙofa huɗu suke fita: kamfanonin Tyson da JBS da Cargill da National Beef su ke yanka kimanin kashi 85 cikin ɗari na shanun da aka yi wa kiwon turka. A 1980 manyan kamfanoni huɗu kashi 36 kawai suke riƙe da shi. Cikin shekara arba'in ƙananan mayanka suka mutu ɗaya bayan ɗaya, aka bar 'yan ƙalilan masu girman gaske.

A ranar 30 ga Mayun 2021 aka ga illar haka. An kulle kwamfutocin JBS, kamfanin Brazil wanda ya fi kowa sarrafa nama a duniya, kuma yake riƙe da kusan kashi ɗaya cikin biyar na naman shanun Amurka. Manyan mayankansa a Amurka da Kanada da Ostireliya suka tsaya cak, aka ce dubban ma'aikata su zauna a gida. FBI ta ɗora alhakin a kan gungun REvil mai alaƙa da Rasha. Aiki ya dawo cikin 'yan kwanaki, amma duk da haka kamfanin ya biya fansar dala miliyan 11 da kuɗin intanet na Bitcoin, yana cewa ya yi ne don kare abokan cinikinsa daga abin da ka iya biyo baya.

Mai karatu zai ce, to wuƙa ai ba ta aiki da intanet, me ya hana yanka? Mayanka ɗaya cikin irin waɗannan takan yanka shanu kusan dubu biyar a yini. Kowace saniya tana da lamba. Nauyinta, gonar da ta fito, hukuncin likitan dabbobi a kanta, kuɗin da za a biya mai ita, takardar da za a manna a kwalin namanta, motar da za ta ɗauka, kantin da ya yi oda, duk a kwamfuta suke. Naman da ba a san asalinsa ba doka ba ta yarda ya fita ba. In kwamfuta ta mutu, mahauci na tsaye da wuƙarsa amma ba shi da ikon taɓa dabba.

Nan ne kuma talaka ke shan wuya ta fuska biyu. Makiyayin da shanunsa suka isa yanka ya rasa inda zai kai su, suna tsaye suna cin abinci a banza, farashinsu na faɗuwa. Mai saye kuwa ya tarar nama ya yi ƙaranci a kanti, farashi ya hau. An ga samfurin haka a 2020 lokacin da korona ta rufe mayanka, har aka riƙa hallaka dabbobi da kaji masu ɗimbin yawa a gonaki don babu wurin yanka su.

Irin wannan ƙofa ɗaya tana ko'ina a harkar. A Yunin 2025 an kutsa kamfanin United Natural Foods, dilan da ke raba kaya ga shaguna sama da dubu talatin, ciki har da Whole Foods. Abinci na jibge a ɗakunan ajiya, kantoci kuma wayam, saboda na'urar karɓar oda ta tsaya.

Kakar 2021 a Iowa da Minnesota

A ganina, wanda ke son fahimtar lamarin ya dubi abin da ya sami ƙungiyoyin gama-kai na manoma. Manomin Amurka ba ya ajiye masararsa duka a gida. Yana kai ta manyan rumbunan ƙungiya, wadda ita ce kuma ke sayar masa da taki da iri, take haɗa wa makiyaya abincin dabbobi. Lokacin kaka motoci kan yi layi tun asuba. Mota ta hau sikeli, wani dogon bututu ya sauko ya ɗebi samfurin hatsi, na'ura ta auna danshi da datti, a juye, motar ta sake hawa sikeli ba kaya, takarda ta fito da lissafin abin da manomi ke bi. Mintoci kaɗan an sallame shi ya koma gona, inda injin girbi ke jiransa.

A Satumbar 2021, ana bakin fara girbi, gungun BlackMatter ya kulle kwamfutocin New Cooperative da ke Fort Dodge a jihar Iowa, jihar da ta fi kowace noman masara a ƙasar. Suka nemi dala miliyan 5.9. Wata uku kacal kafin nan, a Geneva, Shugaba Joe Biden ya miƙa wa Vladimir Putin jerin fannoni 16 da ya ce kada a taɓa su, kuma abinci da noma na ciki. Wakilin ƙungiyar ya faɗa wa masu kutsen cewa sun taɓa abincin miliyoyin dabbobi, su kuwa suka ce ƙungiyar ba ta cikin waɗanda suka yi alkawarin ƙyalewa, ta biya kawai. Kwanaki kaɗan bayan haka aka kutsa Crystal Valley a Minnesota, ta kasa haɗa taki, ta kasa cika odar abincin dabbobi.

Abin da ya cece su biro ne da takarda. Ma'aikata suka koma rubuta nauyi da danshi da hannu, mota bayan mota, layi ya yi tsawo amma hatsi ya shiga rumbu. Daga baya, a Afrilun 2022, FBI ta bayyana cewa ƙungiyoyin hatsi shida aka kai wa hari a wannan kakar, da wasu biyu a farkon 2022, ta kuma yi gargaɗin cewa masu kutse na iya daidaita harinsu da lokacin shuka da na girbi. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa noma. Banki zai iya cewa a dawo mako mai zuwa. Amfanin gona da ya nuna, ga hadari ya haɗo, ba ya jira, kuma mai neman fansa ya san wanda ke cikin wannan hali shi ya fi saurin biya.

Ita kanta gonar fa?

Tana shigowa sannu a hankali. A lardin Zug na ƙasar Suwizalan an kulle kwamfutar injin tatsar madara na wani makiyayi, aka nemi dala dubu goma, ya ƙi biya. Injin ya ci gaba da tatsa, amma bayanan lafiyar shanun da lissafin cikin masu ciki sun tafi. Bai farga da wuri cewa wata saniya na cikin matsala ba, ɗan ya mutu a cikinta, ita ma aka rasa ta. Haka gidan kaji na zamani yake, inda fanka da ruwa da abinci duk na'ura ke sarrafawa. Duk mai kiwon kaji ya san abin da zafi ke yi musu in iska ta tsaya.

Taraktoci ma sun zama kwamfuta mai taya. A 2022 sojojin Rasha sun kwashe injinan noma ƙirar kamfanin John Deere na kusan dala miliyan biyar daga wani dila a Melitopol ta Yukiren, suka kai wasu har Checheniya, sai aka kashe injinan daga nesa, suka ƙi tashi. Mutane da yawa sun yi murna, amma masana suka ja hankali: ƙofar da aka bi aka kashe na ɓarawo, in mugu ya samu mabuɗinta, zai iya kashe na dubban manoma ranar shuka. A Mayun 2024 ma an ɗanɗana, ba tare da hannun kowa ba, lokacin da wata guguwar rana ta rikita na'urorin GPS, manoma da dama a tsakiyar Amurka suka dakatar da shuka.

Abin da gwamnati ta yi

Tun 2013 umarnin shugaban ƙasa ya lissafa abinci da noma cikin fannoni 16 da rayuwar ƙasa ta dogara a kansu, aka ɗora kulawar a wuyan ma'aikatar noma da ta lafiya, hukumar tsaron intanet ta CISA kuma na taimakawa ta ɓangarenta. A Maris na 2022 aka sa hannu kan dokar da ta ce kamfanonin da ke waɗannan fannoni su kai rahoton babban kutse cikin awa 72, in sun biya fansa kuma su faɗa cikin awa 24. Dokar ba ta aiki sai an fitar da cikakkun ƙa'idojinta, kuma wa'adin farko na Oktoban 2025 ya wuce ba a kammala su ba. A Nuwamban 2022 Biden ya fitar da takardar umarnin tsaro ta 16, wadda ta ce hukumomi su tantance barazanar da ke fuskantar abinci, har da ta intanet.

Ta ɓangaren farauta an ɗan taɓuka. An sa ladan dala miliyan 10 kan shugabannin REvil, kuma a 2024 wata kotun Amurka ta ɗaure wani ɗan gungun, Yaroslav Vasinskyi, shekara 13 da wata 7. Sai dai manyan na zaune a inda hannun Amurka ba ya kaiwa.

Shi kuma ƙudurin da muka fara da shi, wanda Sanata Tom Cotton da Kirsten Gillibrand suka fara ɗauka a majalisar dattawa, Brad Finstad da Elissa Slotkin a ta wakilai, abu biyu ya ƙunsa. Sakataren noma ya riƙa binciken raunin fannin duk shekara biyu yana kai wa majalisa rahoto, sannan a riƙa yin atisaye duk shekara, a kwaikwayi ranar da abinci ya yanke, a ga wa zai kira wa, wa zai yi me. 'Yan jam'iyyun biyu na goyon baya. Amma a lura, babu inda ya tilasta wa kamfani ko ɗaya ya gyara ko da kalmar sirri.

A tilasta ko a lallaɓa?

Nan ne ainihin taƙaddamar. Makonni uku kafin harin JBS an kutsa kamfanin bututun mai na Colonial, gidajen mai suka ƙafe a kudu maso gabashin Amurka. Kafin watan ya ƙare hukuma ta fitar da umarni na dole ga masu bututun mai. Kamfanonin lantarki sun daɗe da irin nasu. Abinci kuwa har yau shawara ake ba shi.

Masu kare wannan tsari suna da hujja. Sun ce fannin ya yi faɗi, dokar da ta dace da Cargill za ta karya ƙaramar ƙungiyar ƙauye mai ma'aikaci ɗaya da ke kula da kwamfuta, in ma tana da shi. Matsakaicin shekarun manomin Amurka ya haura 58, ribar noma siririya ce, intanet ɗin karkara ma ba ƙarfi. Sun fi son kamfanoni su haɗa kai da kansu, kuma a 2023 PepsiCo da Tyson da Cargill da Bunge da Conagra da Corteva sun kafa cibiyar musayar bayanan barazana. Masu suka kuma suna tuna musu cewa an taɓa kafa irinta a 2002, aka rufe a 2008 saboda 'yan ƙungiyar ba sa kawo bayanai. Kamfani ba ya son abokin gasarsa ya san rauninsa.

Tarayyar Turai ta ɗauki ɗaya hanyar. Dokarta ta NIS2, wadda aka ba ƙasashe zuwa Oktoban 2024 su shigar cikin dokokinsu, ta haɗa da matsakaita da manyan kamfanonin sarrafa abinci da rarraba shi: sanarwar farko cikin awa 24, da tara mai iya kaiwa yuro miliyan 7 ko kashi 1.4 na cinikin shekara. Ostireliya ta sanya abinci da manyan kantuna cikin dokarta a 2021. Duka biyun sun bar ƙaramin manomi a waje, suka kama manya.

Ni a nan na tsaya. Kamfanin da tsayawarsa ta kwana uku za ta girgiza farashin nama a ƙasa baki ɗaya bai kamata a bar shi da shawara ba. A wajabta masa ajiye kwafin bayanai a inda intanet ba ya kaiwa, ya raba kwamfutar ofis da ta injin masana'anta, ya kuma nuna zai iya aiki da hannu na 'yan kwanaki. Ƙananan kuma tallafi suke buƙata da ƙwararren da zai taka ya je musu, domin takardar gargaɗi ba ta amfanar wanda ba shi da mai karanta masa ita. Kuma ina ganin dala biliyan ɗaya da gwamnatin Biden ta ware a Janairun 2022 don farfaɗo da ƙananan mayanka, duk da an yi ta ne da sunan gasa da farashi, ta fi kusa da tushen ciwon. In ƙofofi sun yi yawa, toshe ɗaya ba ya hana gari cin abinci.

Batun biyan fansa kuwa mai karatun Hausa ba baƙo ba ne a cikinsa, kuma ya san zafinsa fiye da ɗan Iowa. FBI na cewa kada a biya, don kowace dala tana ɗaukar nauyin hari na gaba, kuma gaskiya ta faɗa. Amma doka ba ta haramta ba sai in gungun na ƙarƙashin takunkumi, kuma wanda ke da kaji dubu ɗari da abincinsu ya yanke yau, gaba kura ce baya sayaki. Haramci kawai, ba tare da an tanadar masa hanyar tashi ba, zai sa ya biya a ɓoye ya yi shiru.

Ina ya shafe mu?

Ta hanyar burodi da taliya tukuna. Mafi yawan alkamar da Najeriya ke ci shigo da ita ake yi, ta hannun manyan dilolin hatsi da kamfanonin jiragen ruwa da tashoshin da kwamfuta ke tafiyar da su. A Yulin 2021 an kutsa kamfanin Transnet na Afirka ta Kudu, aikin kwantena ya gurgunce a Durban da Cape Town ana tsakiyar kakar fitar da lemo. Abin da ya faru a can zai iya faruwa a kowace tashar ruwa ta nahiyar.

A cikin gida, manufar tsaron intanet ta Najeriya ta 2021 ta lissafa abinci da noma cikin fannoni 13 masu muhimmanci, gyaran dokar laifukan intanet na 2024 kuma ya rage wa'adin kai rahoton kutse zuwa awa 72. Gonar manominmu ba ta da na'urar da za a kulle, amma tun 2012 da aka fara raba takin gwamnati ta saƙon waya, sunansa da lambarsa suka shiga rajista, kuma rajistar da aka ɓata ko aka cusa wa sunayen bogi tana iya hana shi taki a damina guda. Manyan kamfanonin fulawa da na shinkafa da na ƙyanƙyasar kaji su ma kwamfuta ke riƙe da lissafinsu.

Sai kuma kuɗi. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, kowa ya ga abin da ke faruwa a kasuwar hatsi da ta dabbobi in tura kuɗi ya ƙi tafiya. Mai kwandunan tumatir na tsaye a rana yana duba waya, mai saye na rantsuwa an cire masa kuɗi, alat bai shigo ba, direba na cewa shi zai tafi. Da yamma ta yi, tumatirin da ya fara ruwa ya koma rabin kuɗinsa. Wancan karon ba ɗan kutse ne ya jawo ba, cunkoso ne ya fi ƙarfin na'urorin bankuna, kuma tun daga lokacin cinikin da ke bi ta waya da POS ƙaruwa ya yi a waɗannan kasuwanni.